Yaron Da Ke Minshari Da Baki Buɗe: Beli Ne Ko Wani Abu Dabam?

 A wannan fitowa za mu ajiye maganar taki da iri, mu ɗauki maganar lafiyar yaranmu, gama su ne za su gaji gonakin nan.

A taron ƙungiyoyinmu na ƙasar Bichi, da Dawakin Tofa, da Ɗambatta, akwai tambayar da iyaye mata sukan yi mana sau da yawa. Sukan ce, "Ga yarona yana minshari kamar babban mutum, kullum bakinsa a buɗe, majina ba ta yankewa. An cire masa beli tun yana jariri, an sake dubawa, amma abin yana nan. Me za mu yi?"

Mun san wani gida inda yaro ɗan shekara biyar ya yi shekara biyu cikin wannan hali. An kai shi wurin wanzami, an shafa masa magani, an sayi ƙwayoyi a kemis har ba adadi. Uwarsa takan kwana a zaune tana girgiza shi duk sa'ad da numfashinsa ya tsaya. Malamin makaranta ya ce yaron ba ya jin magana, ubansa kuma ya sha dukansa a kan taurin kai. Ashe yaron ba ya ji ne sosai. Da aka kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Kano, sai aka tarar wata tsoka ce a bayan hancinsa ta kumbura ta toshe hanya. Aka yi masa aiki. Bayan sati biyu uwar ta ce shirun da yake yi da dare har tsoro ya ba ta, sai da ta tashi ta sa hannu a ƙirjinsa ta ji yana numfashi lafiya.

Wannan tsoka ita ce za mu yi bayaninta.

MECE CE WANNAN TSOKA?

Likitoci suna kiranta adinoyid. Mu kuwa a nan za mu ce da ita tsokar bayan hanci. Kowane yaro da ita ake haihuwarsa. Tana can sama a inda ƙarshen hanci ya haɗu da maƙogwaro, a bayan ganda. In yaro ya buɗe baki ya ce "aa", za mu ga beli yana reto a tsakiya, mu ga tsokoki biyu a gefe da gefe waɗanda asibiti ke kira tonsil. Amma tsokar bayan hanci ba za mu gan ta ba, ko da mun haska tocila, domin tana ɓoye a sama.

Allah bai yi ta a banza ba. Irin naman kaluluwa ce. Aikinta kamar na mai gadin ƙofa ne: tana tare ƙwayoyin cuta da ke shigowa tare da iskar da yaro ke shaƙa, tana kuma taimakon jiki ya koyi yaƙi da su. Tana girma tare da yaro, ta fi girma tsakanin shekara 3 da 7. Daga nan sai ta soma motsewa da kanta. Kafin mutum ya balaga sosai ta kusa ɓacewa. Shi ya sa wannan ciwo na yara ne, da wuya a same shi ga babba.

Mutane sun daɗe ba su san illar kumburinta ba, ko a ƙasashen Turai. Wani likita ne a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, mai suna Wilhelm Meyer, ya gano ciwon da kumburinta ke kawowa. A shekarar 1867 aka kawo masa wata budurwa wadda ba ta ji sosai, ba ta kuma iya numfashi ta hanci. Ya sa yatsa ta bakinta ya taɓo tsiron nama a bayan hanci, ya yi wata wuƙa mai kamar zobe ya cire shi, jinta ya dawo. A 1868 ya sanar wa sauran likitoci. Watau wannan aiki ya wuce shekara 150 ana yinsa, ba sabon abu ba ne da ake gwadawa a kan yaranmu.

ME KE SA TA KUMBURA?

Yawan mura da ciwon maƙogwaro shi ne babban dalili. Duk lokacin da ƙwayoyin cuta suka shiga, tsokar takan kumbura domin ta yi yaƙi, in ciwo ya wuce ta sauka. Amma in mura na bin mura, ba ta samun zarafin sauka. Wasu yara kuma jikinsu ba ya shiri da ƙura ko hayaƙi, hancinsu kullum cikin ƙaiƙayi da atishawa.

Mu duba yadda muke zama a wannan yanki namu. Gida kusa da gida, gona tana manne da gona, ba daji ko kaɗan. Icce ya yi wuya, saboda haka da karan dawa da na gero ake yawan girki. Da hunturu akan hura wuta a ɗaki a rufe ƙofa, yara su kwana cikin hayaƙi, su da yawa a ɗaki guda, in ɗaya ya kamu da mura duka sun kamu. Ga hazo, ga ƙurar sussuka da shiƙa da kaka, uwa tana aiki da goyo a bayanta. Duk waɗannan suna tsokanar hancin yaro.

ALAMUN DA ZA MU LURA DA SU

1. Minshari kusan kowane dare, ko ba mura.
2. Numfashi ta baki dare da rana, leɓe a bushe, miyau yana zuba a kan tabarma.
3. Numfashi yakan tsaya cikin barci na ɗan lokaci, sa'an nan yaron ya zabura ya ja iska da ƙarfi.
4. Barci ba natsuwa: juye-juye, gumi, kwanciya da wuya a miƙe baya.
5. Majina mai kauri wadda ba ta yankewa wata da watanni.
6. Magana ta hanci, kamar mai mura kullum.
7. Ciwon kunne a kai a kai, ko mugunya daga kunne, ko rashin ji sosai.
8. Jinkirin cin abinci, domin ba ya iya taunawa da numfashi a lokaci guda.
9. Rama, ko rashin girma kamar tsaransa.
10. Gyangyaɗi ko rigima da rana, da fitsarin kwance bayan ya riga ya daina.

Minshari na kwana uku ko huɗu lokacin mura ba abin damuwa ba ne. Abin da muke magana a kai shi ne wanda ya ɗauki watanni.

INA RUWAN KUNNE DA HANCI?

Akwai wata siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kowane kunne. Ta nan iska ke shiga bayan dodon kunne, ta nan kuma ruwa ke tsiyayewa. Bakin wannan hanya yana dab da tsokar bayan hanci. In tsokar ta kumbura ko ta riƙe ƙwayoyin cuta, sai hanyar ta toshe, kamar yadda yashi ke toshe magudanar ruwa a lambu. Ruwa mai yauƙi ya taru a bayan dodon kunne, yaro ya riƙa jin magana kamar daga nesa. Sau da yawa ba zafi, don haka ba wanda zai sani. Ƙaramin yaro sai ya yi jinkirin iya magana, ɗan makaranta kuwa ya koma baya a aji. Kafin mu ce da yaro mai kunnen ƙashi, mu tsaya a bayansa mu kira sunansa a hankali, mu gani ko zai waiwayo.

HAƊARIN BARIN ABIN HAKA

Cikin barci mai nauyi ne jikin yaro ya fi fitar da sinadarin da ke sa girma. Yaron da ke farkawa sau da yawa kowane dare domin neman iska ba ya samun irin wannan barci. Ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma yana ƙarewa wajen jan numfashi. In baki ya zauna a buɗe shekara da shekaru, fuska takan yi tsawo, haƙoran sama su turo gaba. Mafi muni duka, in toshewar ta yi tsanani ta kuma daɗe, zuciya takan wahala wajen tura jini zuwa huhu, har ta kumbura ta gaza. Wannan ba ya faruwa ga yawancin yara, amma yana faruwa, likitocin ƙasarmu kuwa suna ganinsa.

MAGANAR CIRE BELI

A nan sai mu yi magana a fili. Al'adarmu ce tun kaka da kakanni a kira wanzami ya cire wa jariri beli cikin kwanakin farko, ko ranar suna. In yaro ya girma yana tari, ko amai, ko ƙin abinci, ko minshari, akan ce hakin wuya ne, a sake komawa. Wanzamai maƙwabtanmu ne, muna girmama su, wasunsu abokan nomanmu ne. Amma gaskiya ita ce beli dabam, tsokar bayan hanci dabam. Askar wanzami ba ta kai inda toshewar take. Wanda rumbunsa ke yoyo ta sama, ya tafi yana liƙe ƙofa, damina za ta nuna masa kuskurensa.

Beli yana da nasa amfani: yana taimakon ganda ta rufe hanyar hanci sa'ad da muke haɗiya ko magana. Yanka shi kuma yana da haɗari. Jariri ba shi da jini mai yawa, ɗan abin da ya zuba yana iya kai shi ga halaka. Wurin yakan ruɓe ya hana shan nono. Askar da ba a dafa ba tana iya kawo tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi, tana kuma iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani. Guntun naman da aka yanke yana iya faɗawa hanyar iska. Saboda haka shawararmu ita ce a bar beli inda Mahalicci ya sa shi. A ranar suna wanzami ya yi aski da sabuwar reza, a ba shi haƙƙinsa cikin mutunci, amma kada a taɓa maƙogwaron jariri.

INA ZA MU KAI YARON?

Mu fara da ɗakin shan magani ko asibitin da ke kusa, kamar babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta. Mu faɗi duk abin da muka gani da dare, gama likita ba ya kwana a ɗakinmu. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki yaron yana barci na minti biyu ko uku, da riga a ɗage domin a ga ƙirji. Wannan yana taimakon likita ƙwarai.

In suka ga ya kamata, za su ba da takarda zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Kano akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988, akwai kuma a Asibitin Murtala Muhammad kusa da Ƙofar Mata. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999.

Likita zai duba hanci da baki da kunne. Zai iya sa a ɗauki hoton wuya ta gefe, ko ya zura wani siririn bututu mai fitila ta hanci ya ga tsokar da idonsa. Zai iya sa a gwada jin yaron.

Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. In abin bai yi tsanani ba, akan ba da maganin fesawa a hanci na wasu makonni, da ruwan gishiri na asibiti domin wanke hanci, a ce a dawo. Wasu yara da wannan kaɗai suke samun sauƙi, wasu kuma tsokar takan motse da girma. Akan yi shawarar aiki ne in numfashi na tsayawa cikin barci, ko hanci ya toshe ƙwarai magani bai yi ba, ko ciwon kunne da rashin ji sun ƙi ƙarewa.

YADDA AKE YIN AIKIN

Kafin ranar za a gwada jini, a ga yawansa, a ga ko yana daskarewa daidai, a kuma san ko yaron yana da sikila. Lalle ne mu gaya wa likita in yaron mai sikila ne, ko in akwai wani a dangi da jininsa ba ya tsayawa da wuri bayan kaciya ko haihuwa, ko in an haifi yaron da tsagaggiyar ganda, ko abinci na fitowa ta hancinsa. Mu faɗi kuma in an taɓa cire masa beli, da duk maganin gargajiya da yake sha. Ba za a yi mana faɗa ba, sanin haka yana kare ransa. In zazzaɓi ko sabuwar mura ta kama shi, akan ɗaga aikin sai ya warke.

Za a ce kada yaro ya ci abinci na wasu awoyi kafin aiki, yawanci awa shida. Iyaye mata, ku ji wannan da kyau. Kada tausayi ya sa a ba shi koko ko nono a ɓoye. In ciki da abinci sa'ad da aka sa shi barci, abincin yana iya tasowa ya shiga huhu, wannan kuwa yana kisa.

A ɗakin tiyata za a ba shi maganin barci, ba zai ji komai ba. Ta baki ake bi. Ba a yanka fuska ko wuya, ba tabo a waje, ba ɗinki. Likita zai kankare tsokar da ƙarfen da aka yi domin haka, ya tsai da jini. Aikin kansa yakan ɗauki kamar rabin awa. In tonsil ma sun yi girma akan cire su tare. In ruwa ya taru a kunne, wani lokaci akan sa ɗan ƙanƙanin bututu a dodon kunne domin iska ta shiga, daga baya yakan faɗo da kansa. Wasu yara a ranar ake sallamarsu, wasu su kwana ɗaya ko biyu, musamman ƙanana da masu sikila.

Ba aikin da ba shi da haɗari, ba za mu ɓoye muku ba. Akwai na maganin barci, akwai na zubar jini. Amma a hannun ƙwararru waɗannan ba su da yawa, an kuma shirya musu. Wasu sukan tambaya ko cire mai gadin ƙofa ba zai bar yaro ba kariya ba. Jiki yana da irin wannan nama a wurare da yawa, su za su ci gaba da aikin.

BAYAN AN DAWO GIDA

Yaro ya huta kamar mako guda, ba makaranta, ba kiwo, ba guje-guje. In har da tonsil aka cire, mako biyu. A ba shi ruwa mai tsabta da yawa, da abinci mai laushi wanda ba zafi: koko, kunu, fura da nono, tuwo mai laushi da miyar kuka ba yaji. A bi abin da asibiti ya faɗa game da abinci. A ba shi maganin zafi da likita ya rubuta, kamar farasitamol, a kan lokaci. Kada a ba yaro asfirin ko garin maganin ciwon kai na 'yan talla, gama suna tsinka jini. A nisanta shi da hayaƙi da ƙura da masu mura.

Warin baki na mako ɗaya ko biyu, da ɗan toshewar hanci, da sauyin murya na ɗan lokaci, duk ba abin tsoro ba ne. Amma a koma asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: jan jini daga baki ko hanci; yaro yana ta haɗiya ba dalili ko yana aman jini; zazzaɓi mai zafi; ƙin shan ruwa da ƙarancin fitsari; wuya ya sandare; numfashi da ƙyar. A kuma cika alkawarin ranar komawa, domin a wasu yara, musamman waɗanda aka yi wa aiki suna ƙanana ƙwarai, tsokar takan sake tsirowa.

AIKIN ƘUNGIYA

Mun sani abin da ke hana yawancinmu zuwa asibiti shi ne kuɗi: na mota, na gwaji, na aiki, na abincin mai jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, kowace ƙungiya ta buɗe asusun lafiya dabam da na taki. Da kaka kowane mamba ya kawo abin da aka amince, tiya ɗaya ko biyu ta gero ko gyaɗa ko wake. A ajiye a rumbun ƙungiya, a sayar in farashi ya tashi. Mutum uku su riƙe lissafi, mace ɗaya aƙalla a cikinsu.

Na biyu, sakatare ya je ya yi tambaya a kan shirin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano, da na Gwamnatin Tarayya, ya ji yadda ƙungiya za ta shiga da abin da shirin ke biya, ya kawo wa taro bayani.

Na uku, in likita ya ce aikin ba na gaggawa ba ne, a roƙi rana da rani, bayan amfani ya shiga rumbu. In kuwa ya ce kada a jira, to kada a jira, ko da ana tsakiyar noman fari. Ƙungiya ta yi gayya a gonar mai jinya. Yaron da ƙirjinsa ke lotsawa in yana barci, ko leɓensa ke sauya launi, ko ƙafafunsa suka kumbura, ba a jira da shi sai kaka.

Na huɗu, mu rage abin da ke kawo ciwon. A yi girki a waje ko a madafa mai taga. Kada a kwana da wuta mai hayaƙi a ɗaki a rufe. A sauke goyo a inuwa nesa da masussuka. A shayar da jariri nono zalla wata shida, a kuma cika masa alluran rigakafi. Masu shan taba su sha nesa da yara.

Wani zai ce, ai addu'a ta isa. Addu'a kam wajibi ce, fasto da dattawa su je su yi ta tare da iyalin kafin a tafi asibiti da bayan an dawo. Amma mu tuna Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Bisharu huɗu, likita ne. Muna addu'ar ruwan sama, duk da haka muna kai taki gona. Wannan labari kuma ba na masu bi kaɗai ba ne. In mun ji ɗan maƙwabcinmu yana irin wannan minshari ta bayan danga, mu gaya wa iyayensa abin da muka koya.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. Yara nawa ne a gidajen mambobinmu suke da alamu uku ko fiye daga cikin goman nan?
2. Wa zai yi magana da kakanni da wanzamin unguwa a kan cire beli, ta wace hanya kuma za a yi ta ba tare da ɓata zumunci ba?
3. Tiya nawa kowannenmu zai iya kawowa asusun lafiya da kakar bana?

Muna roƙon Zumuntar Mata su karanta wannan takarda da ƙarfi a taronsu saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ubangiji ya raya mana yaranmu, ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.